Kaka ta kama, kowa na jirana, ni kuma jiki ya fara gazawa

Assalamu alaikum Inna. Ni magidanci ne, shekaruna 39, ina zaune a Maradi da matata da ƴaƴanmu huɗu. Ina riƙe wa wani Alhaji lissafi a mangazarsa ta hatsi da wake da riɗi. Tun da kaka ta kama, daga Litinin zuwa Asabar ba na baro mangaza sai bayan magariba. Ranar Lahadi kuma da asuba nake hawa moto, wato babur, in nufi ƙauyenmu can hanyar Tasawa, kimanin kilomita 50, in taya Baba girbi, domin ya tsufa kuma ƙanena ɗaya ne ya rage a gida. Makon jiya a hanyar dawowa gyangyaɗi ya kwashe ni a kan moto, na farka ina gefen kwalta, Allah ne kawai ya tsare.

A watan da ya wuce na je likita saboda ciwon kai, aka gwada ni aka ce tansiyo, wato awon hawan jini, ta kai 15, aka ce in rage gishiri in riƙa tafiyar ƙafa minti 30 kullum. Kwana uku na yi na bari. Uwargida ta ce na mai da gida masauki, rabonta da zuwa gaida mahaifiyarta tun salla. Ga lakwal, wato makarantar boko, za a koma, ban zauna da yara ko sau ɗaya na ji abin da suke buƙata ba. Iyakar hutuna shi ne fada, wato zaman hira da shayi da abokai, bayan isha'i, ita ma uwargida cewa take in bar ta. Shekara biyu ban karɓi konje, wato hutun aiki, ba, kuma ina jin nauyin Alhaji, shi ya ɗauke ni lokacin da ba ni da komai. In na bar gona na saɓa wa Baba, in na nemi hutu na zama butulu, in na ci gaba a haka gida zai lalace. Inna, wa zan rage wa?

Wani magidanci, Maradi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Na karanta takardarka sau biyu, kuma duk sau biyun wuri ɗaya ne gabana ya faɗi, wurin gyangyaɗin nan na kan moto. Ka ambace shi a layi ɗaya ka wuce, ni kuwa daga nan zan fara. Hanyar Tasawa ka fi ni saninta. Babbar hanya ce da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, manyan motoci ba sa ɗauke ƙafa a kanta, ga amalanken shanu da na jakai da ke fitowa daga gonaki a wannan lokaci, shaƙe da damman hatsi, ba fitila ba komai. Wanda ya yi kwana shida yana aiki, ya wuni na bakwai a rana yana girbi, sannan ya kama wannan hanya da almuru, ya ɗora wa jikinsa abin da ya fi ƙarfinsa. Mun gode Allah da ya tsare. Amma daga yau, duk ranar da ka je ƙauye, ko dai ka kamo hanya da an sallame la'asar tun ido na ganin ido, ko ka kwana can ka yi sammako, ko ka bar moto a gida ka shiga motar haya. Sauran abin da zan faɗa maka shawara ce, ka ɗauki wadda ta yi maka. Wannan kam roƙonka nake yi.

Ka faɗa wa Baba abin da ya faru? Ina zaton ba ka faɗa ba, kuma ina zaton uwargida ma ba ta sani ba. A nan na ga bakin zaren. Mutanen da ke jiranka duk masu ƙaunarka ne, amma babu ɗayansu da ya san abin da sauran ke karɓa daga jikinka. Baba na ganin ɗansa mai aikin zama ne a birni, ya huta kwana shida ya kawo masa rana ɗaya. Alhaji na ganin ranar Lahadi kana kwance a gida. Uwargida na ganin mai ƙarfin zuwa fada ai da sauransa. Kai kuma kunya da kara sun rufe maka baki, kowa ya kira sai ka ce to. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma kai kaɗai ne ke riƙe da labarin duka. Ka tambaye ni wa za ka rage wa. Kafin a zo kan ragi, ka fara gaya wa kowa halin da ake ciki, ka yanka masa ranarsa ya san da ita. Za ka ga wasu da kansu za su rage maka.

Abu na biyu, kaka tana da iyaka. Gero ya nuna tun cikin Satumba, wake ana roronsa bi da bi, gyaɗa a cire, dawa da maiwa su ne ke jinkiri har wajen Nuwamba. Makonni ne ake ƙirgawa. Don haka kada ka zauna kana tunanin yadda za ka gyara rayuwarka baki ɗaya. Shirin waɗannan makonni za mu yi, sauran ya biyo baya.

Bari in daɗe a kan Baba, domin nasa ne ya fi maka nauyi a zuciya, kuma haka ya kamata. Na yi zama da tsofaffin manoma da yawa, na mahaifina da na mijina, kuma abin da na gani shi ne, tsoho na son abu biyu a kaka. Yana son amfaninsa ya shiga rumbu kafin tsuntsaye da dabbobi su yi masa ɓarna, yana kuma son mutanen gari su ga ɗansa na birni bai manta da gida ba. Na farkon, kuɗi na iya yi. Ka lissafa abin da kake kashewa na mai da tsaraba duk Lahadi, ka ƙara kaɗan a kai, ka aika wa ƙanenka ya ɗauki ƴan barema mutum biyu ko uku. Samarin da hannunsu ya saba da girbi za su yi a wuni ɗaya abin da kai, da ka shekara kana riƙe da alƙalami, ba za ka yi a Lahadi uku ba. In garinku har yanzu ana gayya, abinci da fura da goron masu gayya su zama naka. Na biyun kuwa babu mai yi sai kai, amma ba ya buƙatar kowace Lahadi. Ka tambayi Baba ranakun da yake son ka tsaya kusa da shi: ranar ƙirga dammai, ranar zubawa a rumbu, ranar fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi. Waɗannan ranaku ne na babban ɗa, ka je musu da wuri, da riga mai kyau, ka zauna a gaishe ku tare.

Yadda za ka kai masa maganar yana da muhimmanci. Kada ka yi ta a waya, kada kuma ka yi ta a gaban ƙanenka. Ka same shi bayan an ci tuwo, ka zauna ƙasa, ka ce, Baba, likita ya ce jinina ya hau, kuma makon jiya barci ya kusa kayar da ni a hanya, na zo ka ba ni shawara yadda za a yi aikin nan ya kammala. Ka bar shi ya yanke. Ban taɓa ganin uban da zai ji ɗansa ya kusa faɗawa ƙarƙashin babbar mota ya ce lallai sai ya zo girbi ba. Idan kuma ka ga fuskarsa ta canza, to mahaifiyarka tana nan, ka bi ta wajenta, ita ta san lokacin da ake shigar masa da magana. Kada ka manta da ƙanenka ma. Shi ya yi shuka, shi ya yi noman fari da maimai, shi zai ga kamar ka zame ka bar shi da rana. Ka kira shi daban ka gode masa, ka damƙa kuɗin barema a hannunsa, kuma in an zo rabon amfani kada a auna naka daidai da nasa.

Alhaji ya yi maka alheri, kuma na ji daɗin da ka riƙe wannan. Sai dai shekara biyu ba hutu ma biyan alheri ne, ka biya kana kan biya. Don ka sani, dokar aiki ta Nijar ta shekarar 2012 ta ba ma'aikaci hutun kwana biyu da rabi a kan kowane wata da ya yi aiki, kwana 30 ke nan a shekara, albashinsa na tafiya. Na san a kasuwa yawanci amana ce tsakanin yaro da maigida, ba takarda, kuma ban ce ka je masa da maganar doka ba. Na faɗa ne don ka daina ganin neman hutu kamar bara ko butulci. Shi ma a duba nasa: yanzu ne wake da riɗi da aya ke shigowa, yanzu ne yake sayen abin da zai juya har bazara, mai lissafi ya ɓace masa mako biyu a wannan tsakani ba ƙaramin abu ba ne. To ka nemi ƙarami yanzu, babba daga baya. Litinin da Juma'a ranakun kasuwa ne a Maradi, kada ka taɓa su. Ka roƙi rana ɗaya a tsakiyar mako, a ce Laraba, ka riƙa tashi da azahar ko la'asar har kaka ta wuce. Ka zo masa da sunan yaron da zai riƙe littafi a bayanka, wanda ka riga ka koya masa, ka ce washegari za ka bi lissafin layi-layi. Sannan a zama ɗaya ka ambaci babban hutun, kwana goma ko mako biyu, ku sa masa rana tun yanzu, ƙarshen Disamba lokacin da yara ke hutun lakwal. Maigida ya fi saurin amincewa da hutun da ya sani tun wata biyu kafin ranar. Ka gaya masa maganar tansiyo ƙarara, domin lissafin da aka yi da ciwon kai shi ke kawo kuskure, kuma dukiyarsa ce a cikin littafin. In ya ce tsakiyar mako ba zai yiwu ba, ka nemi tashi kafin magariba kwana biyu a mako, ko rabin ranar Asabar.

Yanzu tafiyar ƙafa. Ka bar ta bayan kwana uku ne domin ka ɗauke ta wani sabon aiki da za a nema wa lokaci, alhali lokacin babu. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, minti 30 sau biyar ke nan, kuma ba dole a yi su a tashi ɗaya ba. Minti 15 da safe, 15 da marece, sun shiga lissafi. A wannan watan rana na fitowa wajen ƙarfe shida da ƴan mintuna, kuma ka san zafin kaka, da hantsi ya yi gari ya ɗauki zafi har sai hunturu ya sauko. Tsakanin sallar asuba da fitowar rana shi ne lokacinka. Ka tafi masallacin da ya ɗan fi nisa, ko in an sallame ka zago ta wata unguwa kafin ka shiga gida, da saurin da za ka ji numfashi ya ɗan ƙaru amma kana iya amsa gaisuwa. Takalmi mai rufi, domin damina ta bar ramuka da ciyawa a lunguna. Za a tsaya maka da moto a ce hau in rage maka hanya, wani ya tambaya ko lafiya. Ka ce likita ne ya sa, mako ɗaya za a saba, wataƙila ma ka samu abokin tafiya a cikin sahun masallaci, domin masu hawan jini a unguwa sun fi yadda kake zato.

Tafiya ba ta maye gurbin komawa likita. Ka koma a sake gwada ka, a rubuta maka lambar a takarda kana ajiyewa, in an ba ka magani ka sha kullum ko da ka ji garau, domin hawan jini yakan yi ɓarna ba tare da ya yi ciwo ba. Gishiri ba wanda ake barbaɗawa kaɗai ba ne, dunƙulen magi da yajin tsire da na kilishi duk shi ne a ciki, ka gaya wa uwargida dalili ta rage hannu a tukunyar gida duka. In ka ji ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko ƙirji ya riƙe, ko hannu ko ƙafa ta yi nauyi, ko harshe ya karye, a kai ka likita nan take, ko tsakar dare ne.

Uwargida kuwa, ɗana, a takardarka ta fito kamar mai ƙorafi, amma ni da na karanta na ga mace ce da ita ma ba ta da Lahadi. Kai kana da fada. Ita tun da damina ta sauka tana fama da yara huɗu, da wanki, da sauro, da zazzaɓin da ke yawa a waɗannan watanni, ta rasa ko wunin zuwa gaida mahaifiyarta. Da ta ce ka mai da gida masauki, kewarka take faɗa da harshen fushi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ka zauna ka tambaye ta abin da ya fi yi mata nauyi, ka saurara har ta gama, kada ka fara kare kanka. Sannan ka ba ta labarin moto da na likita. Za ta tsorata, za ta iya yin kuka ko faɗa don ka ɓoye mata, ka haƙura, daga nan ta zama mai taya ka tsare wannan shiri.

Lahadin farko da ka samu, ta tafi gidansu ta wuni, kai ka riƙe manyan yara. Ranar ce za ku zauna kan tabarma ku fito da jakunkunan lakwal na bara, a ga wadda za ta ƙara shekara, a rubuta littattafai da alƙaluma da kayan sawa, ku taka zuwa kasuwa tare a ƙafa. Ka ga tafiyar likita ta samu, sayayya ta samu, yara sun ga ubansu da rana. Tunda farkon Oktoba ake komawa, in kuɗin bai kai ba a fara da abin da ba a shiga aji sai da shi, sauran a bi a hankali. Ranar da aka koma, ka raka ƙaramin har ƙofar lakwal ka gaisa da malaminsa, minti ashirin ne, yaron zai daɗe yana tunawa. Da dare kuma, al'adarmu ce mace ta fita zumunci bayan isha'i. Sau ɗaya a mako ka raka ta a ƙafa, barka ko gaisuwar mara lafiya ko gidan ƴar uwa. A hanya ake maganar da ba a iya yi a tsakar gida yara na ji.

Akwai shawarar da mutane za su ba ka, su ce ka kwashi iyali duka ku tafi ƙauye, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Tana da kyau, a yi ta sau ɗaya a kakar nan, ranar zuba hatsi a rumbu ko kafin nan tun ana samun tumu, yara su gasa su murza su ci, su ga kakansu, su san inda tuwonsu ke fitowa. A tafi da gidan sauro, a hana su cusa hannu ƙarƙashin tarin kara saboda maciji da kunama. Amma ka sani wannan tafiya ga uwargida aiki ne, gidan surukai za ta, daga saukarta sai murhu da daka. Kada ka ƙirga mata ita a matsayin hutu.

Fada ba zan ce ka bari ba. Namiji na buƙatar abokan da zai yi dariya da su, kuma a fada ake jin wanda ya haihu da wanda ya rasu da wanda ke neman taimako. Ka mai da ita dare biyu ko uku a mako, ka tashi da wuri, ka gaya wa uwargida ranakun don ta daina zaman jira. Shayin nan mai kauri da sukari, kofin farko musamman, in an sha shi da dare yana korar barci, kai kuma barci ne babban bashin da jikinka ke bin ka. Mai son fita tafiya da asuba sai ya kwanta wajen ƙarfe goma. Ka tuna abin da Salmanul Farisi ya gaya wa Abu Darda'i da ya ga ya hana kansa barci da abinci saboda ibada, cewa Ubangijinsa na da haƙƙi a kansa, ransa na da haƙƙi, iyalinsa na da haƙƙi, kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya gaskata shi. In an faɗi haka a kan nafila, to ina ga lissafin buhunan wake.

Wani mako shirin zai wargaje, mota ta iso da kaya ranar Larabarka, ko Baba ya kira ya ce tsuntsaye sun sauka a dawa. Ka je ka yi abin da ya taso, mako mai zuwa ka koma kan tsari, ban da tafiyar dare a kan moto, ita ba ta da uzuri. Ka fara da uwargida yau da dare, Alhaji ranar Talata da safe kafin mangaza ta cika, Baba kuma wannan Lahadin, a motar haya. Ka gaishe mini da su duka. In an zuba dawa a rumbu ka sake rubuto mini, ka haɗo da lambar tansiyon da aka gwada maka da ranar da kuka sa wa hutun Disamba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a amfanin bana.

Innarku